A'a yarona, ba hotunan labarai ba ne

Ka tambaye ni ko wuraren zanga-zanga da tashin bam na cikin fim ɗin La Bataille d'Alger, na yaƙin neman 'yancin Aljeriya, daga tsofaffin hotunan labarai aka yanko su. Wallahi ko ɗaya, duk shirya su aka yi a gaban kamara, a cikin Kasba, tsohuwar unguwar birnin Alje, da sauran unguwannin birnin inda abin ya faru, fim ɗin ya fito a 1966 ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Venis.

Abin da ya ruɗe ka aikin mai kamara ne, Marcello Gatti. Baƙi da fari ya ɗauka, kamara a hannu tana ɗan rawa, wani lokaci daga nesa da dogon gilashi kamar mai tsoron harsashi, sannan a wajen wanki suka riƙa kwafe fim ɗin har hoton ya yi tsakuwa-tsakuwa irin na 'yan jarida. Kai kuma kullum so kake hoto ya fito sumul kamar na bikin aure, to shi wannan da gangan aka ɓata shi.

Amma ni abin da ya fi kama ni fuskoki ne. Darektan, Gillo Pontecorvo, mutanen gari ya ɗebo, Brahim Haggiag da ya fito a Ali la Pointe, tauraron labarin, bai taɓa wasan fim ba, Yacef Saadi kuwa shi da kansa ya jagoranci 'yan FLN, ƙungiyar masu yaƙin neman 'yanci, a Kasba sannan ya zo ya taka kusan rawar kansa, ƙwararre guda ne a cikin manyan, Jean Martin mai kanar ɗin Faransa. Mu ma nan mun san wannan hanya ai, Oumarou Ganda dako yake a tashar jirgin ruwan Abijan Jean Rouch ya sa shi a fim.

Har yau ana ba da labarin cewa ranar 19 ga Yuni 1965 da Boumediene ya kifar da shugaban Aljeriya Ben Bella, wasu mutanen Alje da suka ga tankoki a titi sun ɗauka na wannan fim ɗin ne. Ka riƙe wannan sosai, mu nan Yamai akasin haka za a yi mana, ka fito da bindigar katako da kakin soja wajen Katako ba takardar izini, ba ka sanar da komisariya ba, kafin ka ce wasa ne an watse kasuwa.

Gobe ka sauke kamarar daga kan ƙafafunta ka ɗora a kafaɗa, ka bi ɗan'uwanka da gudu cikin lungun bayan shago, kada ka gyara rawar, ka kawo min in gani.