Shawarwari ga Manoma: Karen Labrador da Batun Gadin Gona

Tambaya: Wani mai kiwon kaji daga unguwar Hotoro ya rubuto cewa an yi masa tayin ƙwikwiyon Labrador ɗan wata biyu, kuma yana da niyyar kai shi gonarsa da ke hanyar Gezawa domin gadi. Yana son sanin halin wannan kare da yadda ake kula da shi.

Amsa: Malam, idan gadi kaɗai kake nema, ina ba ka shawara ka riƙe kuɗinka, domin ba a kan wannan aiki aka raini irinsa ba. Kakanninsa karnukan masunta ne na tsibirin Newfoundland a Kanada, masu shiga ruwan sanyi su jawo taru ko su tsamo kifin da ya kuɓuce. A ƙarni na 19 aka kai su Ingila, inda masu farautar tsuntsaye suka yi ta zaɓar waɗanda ke ɗauko agwagwar da aka harbo su kawo wa ubangidansu ba tare da sun huda ta da haƙori ba, har ƙungiyar masu kiwon karnuka ta ƙasar ta amince da shi a matsayin iri na musamman a 1903. Karen da aka zaɓa saboda taushin baki da son mutane zai yi wa baƙo haushi sau biyu ko uku, sannan ya kama kaɗa masa wutsiya, ko da ɓarawon kaji ne. Karenmu na gida ya fi shi wannan aiki nesa ba kusa ba, ga jure zafi, ga sauƙin ciyarwa.

Inda Labrador ya yi fice shi ne saurin ɗaukar horo da haƙuri da yara, shi ya sa ake sa shi jagorantar makafi da shinshino miyagun ƙwayoyi a filayen jirgin sama. Sai dai ɗaukar tsuntsu a baki yana cikin jininsa, don haka kada a sake shi cikin kaji sai an saba masa da su da igiya a wuya tun yana ƙarami.

Babban abin tsoro a Kano shi ne zafi. Gashinsa ninki biyu ne, kuma daga Maris zuwa Mayu zafinmu yakan kai digiri 40. A yi masa rumfa mai iska, ruwan sha kada ya yanke, a fitar da shi yawo bayan asuba ko gab da magariba. Kada a aske shi da sunan rage masa zafi, domin gashin ne ke kare fatarsa daga rana. Taje shi ya isa. Idan ya yi iyo, a goge masa cikin kunnuwa, saboda a kwance suke, danshi kuma yana jawo musu ciwo.

Mai haɗama ne ƙwarai. Namiji baligi bai kamata ya wuce kilo 29 zuwa 36 ba, ƙiba kuwa tana tsananta ciwon ƙugu da aka san irin da shi. Ragowar tuwo kaɗai ba za ta riƙe shi ba, yana buƙatar nama, kifi ko ƙwai, amma ban da albasa, cakulan da dafaffen ƙashin kaza, ban da mushen kajin gona.

Idan ka yanke shawarar karɓarsa, nemi katin rigakafinsa tukuna. Allurar cutar fabo, mai sa gudawar jini da ke kashe ƙwikwiyoyi, ana fara ta daga mako 6 zuwa 8, a maimaita yadda likitan dabbobi ya tsara. Ta haukan kare kuwa sai ya cika wata 3, sannan a sabunta kowace shekara. Da damina ta kama, a riƙa duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa saboda kaska.