Faifan NASICON ɗinka ne bai gasu ba

Ka ce, ɗana, faifan NASICON (wani tangaran da sodiyam ke ratsawa ta cikinsa) da ka auna ya nuna sodiyam na tafiya ƙasa da yadda ka zata har ninki goma, kana tambaya ko garin ne ba shi da kyau. Kafin ka zargi gari, ɗora faifan a sikeli.

Tun 1976 da masana Hong da Goodenough suka bayyana Na3Zr2Si2PO12, wato sinadarin NASICON, aka san cewa a cikin ƙwaya guda daga ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi faifan, sodiyam na ratsawa cikin sauƙi, yana tsallake daga rami zuwa rami. Inda yake maƙalewa shi ne gaɓar da ƙwaya ta haɗu da 'yar'uwarta. Idan faifai ya fito da kofofi kamar soso, hanya ta yanke. Auna nauyi da kauri da faɗi, ka fitar da cikarsa, wato nauyinsa a kowane cm³. Cikakke kusan giram 3.27 ne a kowane cm³. In naka bai kai kashi 90 cikin ɗari na wannan ba, awon banza ka yi.

Sake niƙa garin ya yi laushi, ka danne shi a mazubi mai faɗin milimita 10 da ƙarfin matsi kamar megafaskal (MPa) 300. Gasa shi a digiri 1200 zuwa 1230 na Celsius, awa goma zuwa sha biyu. Nan ne ake yawan faɗuwa. Wuta ta yi ƙasa, ƙwayoyi ba za su manne ba. Ta wuce kima, sodiyam da fosfaras su tashi su bar maka sinadarin zirkoniya (ZrO2) zaune a gaɓoɓi, shi kuwa ba ya ba sodiyam hanya ko kaɗan. Shi ya sa ake binne faifan cikin irin garinsa a kasko mai murfi, a kuma ƙara sodiyam kashi 5 zuwa 10 tun wajen haɗi.

Goge fuskokin biyu, ka fesa musu zinariya, amma kada ta zubo gefe ta haɗe su. Auna turjiyarsa, wato yadda yake hana lantarki wucewa, da milibolt 10, daga MHz 1 zuwa Hz 1. Lissafin sauƙin ratsawar sodiyam (a ma'aunin S/cm): kauri a raba da turjiya sau girman filin fuska. Kauri 0.1 cm, fuska 0.785 cm², turjiya om 250, ka samu kusan 5×10⁻⁴ S/cm, kuma wannan ya yi daidai a zafin ɗaki.

Kada ka bar shi ya kwana a sarari. Danshi na sa fuskarsa ta yi ɓawon kabonet. Busar da shi a digiri 120 kafin awo.