Nina ce ta kashe Lily a fim ɗin Black Swan, ko aljanu ne?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Sau biyu na kalli Black Swan amma ƙarshensa ya ɗaure min kai. Na ga Nina ta soka wa Lily fasasshen madubi, ta ja gawar ta ɓoye a banɗaki, can kuma sai ga Lily a bakin ƙofa da ranta. Yayata ta ce aljanu ne suka shige ta. Mene ne gaskiya? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, Nina ba ta kashe kowa ba. Kanta ta soka. Ki sake duba wurin: bayan Lily ta zo ta yaba mata ta tafi, Nina ta ɗaga tawul ɗin da ta toshe ƙasan ƙofa da shi, ba ɗigon jini, ba gawa. Sai ta shafa cikinta ta zaro guntun madubin.

Abin da ya rikita ki, da gangan darakta Darren Aronofsky ya shirya shi. A wannan fim na 2010 kusan babu wani fage da Nina ba ta ciki, kyamara kuma tana manne da ƙeyarta kamar jela. Duk abin da kika gani, da idonta kika gan shi, kuma idon nan ya daina gaya mata gaskiya. Tun da wuri an ba ki manuniya. Tuna inda take banɗaki tana jan ɗan fatar gefen farcenta har ya yage ya bi tsawon yatsa, jini na zuba. Ta wanke hannu, sai ga yatsa lafiya ƙalau. Haka ta riƙa ganin fuskarta a jikin matan da ke wucewa, hotonta na cikin madubi kuma ya juya ba tare da ita ta motsa ba.

Sai an san rawar da take yi kafin a gane ciwon. Nina 'yar rawa ce da aka ba jagorancin Swan Lake, wata rawar bale (rawar Turawa da ake ba da labari da ita a dandamali) da makaɗin Rasha Tchaikovsky ya yi wa kiɗa, aka fara nuna ta a Mosko a 1877. Bisa al'ada mace ɗaya ce ke taka rawa biyu: Odette, farar tsuntsuwa mai kunya da tsarki, da Odile, baƙa mai yaudara. Nina ta iya farar kamar don ita aka yi ta. Baƙar ce ta gagare ta, domin tana buƙatar sakin jiki, ita kuwa ko taku ɗaya ba ta yi sai ta auna shi. Malaminta Thomas kullum ƙorafinsa ke nan. Sai ga Lily, abokiyar rawarta, wadda ke kuskure ta yi dariya ta wuce, kuma ido ya fi binta. Nina ta ɗauki duk abin da ta danne a ranta ta ɗora wa Lily, ta mai da ita kishiya.

A ganina mahaifiyarta Erica ta fi madubin ban tsoro. Tsohuwar 'yar rawa ce da ta bar sana'a saboda cikin Nina, kuma ba ta yafe ba. Budurwa baliga, amma uwa ke yanke mata farce, ɗakinta cike da 'yan tsana, ƙofar ba makulli.

Batun aljanu kuwa, na fahimci yayarki, a nan gida shi za a fara kawowa. Amma fim ɗin bai nuna wani mahaluƙi daga waje ba. Rashin ci, amai, sosa baya har jini, zargin ana bin ta, da gane-gane, duk alamun taɓuwar ƙwaƙwalwa ne. Sai dai an haɗa alamun cututtuka daban-daban a jikin mutum ɗaya don armashin labari, kada ki ɗauke shi littafin likita. Kada kuma ki kunna shi a gaban yara, akwai wuraren da ba su dace ba.

Natalie Portman, wadda ta fito a matsayin Nina, ta shafe kusan shekara tana atisaye, ta kuma ci kyautar Oscar a 2011 da wannan rawa. Ko Nina ta mutu? Ba a nuna ba. Tana kwance a kan katifar bayan dandamali, jini na yaɗuwa a farar rigarta, ta ce wa Thomas ta ji shi, ya cika ba aibu, sai hasken fitilu ya mamaye allon ana ta tafi.