Bak aksul na Canter ko na tifa? Ga amsata

Salam ɗan uwa, na ga tambayarka, ka ce kana haɗa mota a kan shasin Dyna da injin Canter 4D34 don ɗauko dankali daga Bokkos zuwa kasuwar Farin Gada a Jos, kuma kana ruwan ido tsakanin bak aksul (ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya yana juya su) na Canter da na tifa irin Howo ko MAN tunda an ce maka na tifa ba ya karyewa. Na daɗe a gareji ina wannan aikin, kuma gaskiya ban ba ka shawarar na tifa ba.

Ƙarfi kam yana da shi, domin irin mai giya a cikin hob ne, wato cibiyar taya, shi ya sa tukunyar difaranshal ɗinsa ƙarama ce bata taɓa ƙasa a hanyar gona. Amma nauyinsa kaɗai zai cinye maka lodi, ƙaramin inji zai ta nishi yana shan gas, sifirin ɗinka ba zai zauna a kujerarsa ba sai an yanka an yi walda, ga faɗi ya wuce bodi, ga rim mai ƙusa 10 da taya 20 ko 22.5 alhali gabanka 16 ne, kenan safaya biyu zaka riƙa yawo da su.

Abin da ya fi damuna birki ne wallahi. Na tifa birkin iska ne, naka na mai ne, in zaka haɗa sai ka nemo kwamfireso da tankin iska da bawul, kuma na sha ganin motocin da aka yiwa wannan haɗin gambizar, baya na kamawa gaba bai kama ba. Mu da muke Filato mun san gangaren Hawan Kibo, ranar da aka baka lodin Abuja ba wajen gwajin birki bane, rayukan mutane ne.

Ka ɗauki na Canter mai taya biyu biyu, wanda haf shaf ɗinsa (sandar da ke juya taya daga difaranshal) ke zarewa ba sai an cire taya ba, nauyin lodi na kan bututun aksul da boris, shaf juyawa kawai yake, ko ya karye taya bata fita. Sai ka kula da rashiyo, wato sau nawa furofela (sandar da ke kawo juyi daga giya zuwa aksul) ke juyawa kafin tayoyi su zagaya sau ɗaya, nan mutane suke faɗawa. Ka sa a buɗe difaranshal a ƙirga haƙora, na babbar giya (kirawun) 37 a raba da na ƙarama (finiyon) 6 ya baka 6.17, wannan mai jan hawa ne amma ba gudu, 40 da 7 kuma 5.71, ya fi sakewa a kwalta. Ga hanyar Bokkos da damina ni dai 6.17 zan saka. In mai kaya ya ƙi buɗewa, ka ɗaga taya ɗaya da jak, ka juya ta sau biyu kana ƙirga zagayen furofela, adadin da ka samu shine rashiyon.

In ka shiga Dilimi, kasuwar kayan gyaran mota a Jos, ka tafi da makanikenka da tef, ku auna tsakanin kujerun sifirin, ku kwance magudanar mai ku duba ko akwai garin ƙarfe, ku girgiza filanjin finiyon, wato inda ake ɗaure furofela, in yana wasa ku bar shi komai arha. Ka turo hoton filanjin furofelarka in gani ko zai hau ba sai an je wajen mai lez (injin fiƙe ƙarfe) ba.