Kyanwar da na tsinta ta ƙi fitowa daga bayan sif, in ba ta fanadol?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Yau sati uku ke nan da na tsinci wata 'yar kyanwa a kangon da ke bayan gidanmu, yara suna ta jifanta, ƙafarta ɗaya ta baya tana ɗingishi. Ba za ta wuce wata huɗu ko biyar ba. Na sa ta a kwali na kawo ta ɗakina, tun ranar ta shige bayan sif, ba ta ƙara yarda na gan ta da rana ba. Abinci sai dare take ci in kowa ya yi barci. Shekaranjiya na zura hannu zan jawo ta, ta yi mini huci ta yakushe ni har jini ya fito. Surukata ta ce magen da ba ta son mutane ba mage ba ce, a fitar da ita tun ba ta jawo mana wani abu ba. Mai kemis ɗin layinmu kuma ya ce zazzaɓi ne da ciwon ƙafa suke damunta, in daka rabin fanadol in zuba mata a madara. Na sayo amma gabana yana ta faɗuwa, ban ba ta ba tukuna. Ina tsoron kada ta mutu a hannuna bayan ni na ɗauko ta. Don Allah yaya zan yi?

Daga wata mai karatu a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama, wannan faɗuwar gaban da ta hana ki ita ta ceci kyanwarki. Kada ki ba ta fanadol ɗin nan, ko ɓarɓashinsa. Ki ajiye shi inda ba za ta kai ba, zan dawo kansa, don maganarsa tana da tsawo.

Bari mu fara da hannunki. Yakushin dabbar da ba a san tarihinta ba, har ya fitar da jini, ba a barinsa a gida. Ƙa'ida ita ce a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15. Ko da kwana biyu sun wuce, ki je asibiti yau ki gaya musu kyanwar tsintuwa ce kuma ba a taɓa yi mata allura ba, su duba maganar riga-kafin ciwon haukan kare da na tsinkau-tsinkau. Mutane sun ɗauka kare kaɗai ke ɗauke da cutar hauka, alhali kyanwa ma tana kamuwa, kuma cutar tana iya daɗewa a jiki ba ta nuna ba. Ba na zaton taki tana da ita, duk abin da kika faɗa halin tsoro ne, amma cuta ce da in ta bayyana a jikin mutum ba a warkewa. Wannan dalili ne ma na kada a kore ta yanzu: ana so a sa mata ido kwana 10 daga ranar yakushin, in ta ci gaba da ci da sha lafiya lau, hankali ya kwanta.

Ita kuma kyanwar, abin da take yi shi ya dace da tarihinta. Ɗan kyanwa yana koyon yarda da mutum ne tsakanin sati 2 zuwa sati 7 da haihuwa. Wanda aka riƙa ɗauka ana shafawa a wannan tsakanin, shi ne ke tashi yana hawa cinya. Taki ta wuce wannan lokaci a kango, abin da ta sani game da hannun ɗan Adam shi ne yana ɗaukar dutse. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Da kika zura hannu a wuri mai duhu da ba ta da mafita, ba ta da abin yi sai ta kare kanta. Hucin nan gargaɗi ne, tana cewa a matsa, kuma in an matsa magana ta ƙare.

Abubuwan da za ki duba uku ne, ba sai kin taɓa ta ba. Kwanon da kika ajiye da dare ya wayi gari babu komai? Tana zuwa kaskon yashinta tana bayan gida da fitsari tana binnewa? In kin haska ta daga nesa, gashinta a gyare yake, idonta da hancinta ba ruwa? In haka ne, tsoro ne kawai. In ta kwana biyu ba ta ci komai ba, to ba a jira, domin kyanwar da ta daina ci kitse yana taruwa a hantarta, abin ya zama ciwo na biyu. Haka kuma magen da ta saba da mutane sannan rana ɗaya ta koma ɓuya, wannan ciwo ake fara zargi.

Ki bar mata bayan sif ɗin, ki ƙara mata kwali a kusa, a kwantar da shi ta gefe, a shimfiɗa tsohon zanenki a ciki don ta saba da ƙanshinki. Ruwa da abinci gefe guda, yashi can nesa da su. Ki hana yara shiga su leƙa ta. Kullum bayan isha ki zauna a ƙasa kan tabarma, ki ba ta gefenki, ki yi laziminki ko ki duba wayarki, kina magana ƙasa-ƙasa. Kada ki kafa mata ido, a wurinsu zuba ido neman faɗa ne. In kun haɗa ido ki lumshe naki a hankali ki kawar da kai. Ki jefa ɗan dafaffen kifi ko tsokar kaza mara yaji, mara albasa, kusa da maɓoyarta, gobe ki matso da shi wajenki da taki ɗaya, jibi haka, har ranar da za ta ci kina zaune. Ranar da ta shinshini yatsarki ta goga kumatunta a jiki, ta sa ki cikin nata ke nan. Wata sati shida take ɗauka, wata wata shida, wata kuma har ta tsufa iyakarta ta kwanta a ƙarshen tabarma tana kallonki. Ba kowace ce kyanwar Lami ba, ki karɓe ta a yadda ta zo. Madara kuma ki daina, yawancinsu in an yaye su ba sa iya narkar da ita, zawo take sa su.

To, yanzu fanadol. Wallahi babu abin da ke ƙona mini rai a aikin nan kamar shi, don kusan duk wanda ya kashe kyanwarsa da shi son ta yake yi. Mutum ya ga dabbarsa ta yi lamo, ya tuna abin da yake sha in kansa na ciwo, ya ce ai ita ƙarama ce, a ba ta rabi. Lissafin nan na rabi da kwata shi ne kuskuren. Kyanwa ba ƙaramin mutum ba ce, hantarta dabam take aiki. Idan ke kika sha farasitamol, wato fanadol, hantarki tana da wani sinadari da ke ɗaure shi ya fita cikin fitsari. Kyanwa tana da ƙarancin wannan sinadari ƙwarai, haka aka halicce ta, daga ta gida har zaki. Sai maganin ya bi wata hanya a jikinta ya rikiɗe ya zama guba, gubar ta faɗa wa jajayen ƙwayoyin jini ta lalata abin da ke ɗaukar iskar numfashi. Jinin yana nan yana zagayawa amma ba ya kai iska ko'ina. Tana buɗe baki tana haki a ɗakin da iska ta cika, kamar wadda aka shaƙe. In ta tsallake wannan, hanta ce ke biye.

Ki duba bayan katin da kika sayo, za ki ga an rubuta miligiram 500 a kowace ƙwaya. Babbar kyanwa mai kilo 3 ko 4 ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Taki da wuya ta kai kilo 2, ga yunwa ta riga ta cinye ta. Rabin da aka ce ki ba ta miligiram 250 ne, ya ninka abin da zai halaka ta. Babu wani awo na farasitamol da ya halatta ga kyanwa, babu shi a kowane littafin aikinmu. Ruwan na yara ma da ake ganin mai sauƙi ne, shi ɗin ne dai, haka magungunan mura da yawa akwai shi a ciki.

Akwai wani yaro da ba na mantawa, bai fi shekara 12 ba, ya zo mini da muzuru a cikin kwandon cefane an rufe da ɗankwali. Muzurun ya yi faɗa ne ya ji ciwo a kunne, mahaifin yaron ya tausaya ya ba shi rabin ƙwaya da daddare, da asuba ya ƙara masa rabi ganin bai warware ba. Da na ɗaga ɗankwalin fuskarsa ta kumbura har idanun sun kusa rufewa, tafukan ƙafarsa sun yi suntum, yawu na zuba. Na ɗaga leɓensa, dasashin da ya kamata ya zama ja-ja ya koma ruwan ƙasa kamar laka. Na ɗebi jini a sirinji ya fito launin shayi ba madara. Yaron yana ta ce mini, “Likita, ai magani muka ba shi.” Kafin la'asar ya mutu. Ciwon kunnen da aka so a warkar, wanki da allura ɗaya ne maganinsa. Garin neman gira aka rasa ido.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu ba da shawarar. Mutum ya buɗe shago ya jera kwalaye, bai taɓa zama ajin ilmin dabbobi ko na yini ɗaya ba, amma ba zai iya cewa ban sani ba. Da me ya auna zazzaɓin kyanwar da bai taɓa gani ba? Zafin jikin lafiyayyar kyanwa yana kai wa digiri 38 zuwa 39, wanda a jikin mutum zazzaɓi ne, shi ya sa duk wanda ya taɓa ta sai ya ce jikinta da zafi. Da an ce masa fanadol ba ya yi, sai ya miƙo ibufurofen ko dikilofenak, waɗanda ke cinye mata ciki su kashe ƙoda. In aka yi kukan ƙuma, sai a ce a shafa mata fiya-fiya ko maganin kaskar shanu, ko na kare mai ɗauke da fametirin, ita kuwa dabba ce mai lashe jikinta, cikin awoyi kaɗan ta fara karkarwa da farfaɗiya. Idan ta mutu ba wanda ke komawa ya tuhume shi. Sai a ce kwana ne ya ƙare, ko a ce dama ba mage ba ce, an ga ta ɓace. Gobe ya ba wani shawara iri ɗaya.

Ga wanda ya riga ya ba da shi yana karanta wannan: kada ka tsaya ɗura mata manja ko madara ko ruwan gishiri don ta yi amai. Ba sa karya wannan guba, kuma ɗurar kan sa ta shaƙi abin ya shiga huhu. Ka ɗauke ta da katin maganin ka nufi likitan dabbobi, ka faɗi gaskiyar nawa ka ba ta da ƙarfe nawa. Akwai makari, sunansa asetilsistin, yana aiki sosai in an fara shi cikin awoyin farko tun dasashi bai sauya launi ba. Wanda ya jira ya ga ko za ta warware, yakan zo bayan lokaci ya ƙure.

Maganar Hajiya surukarki, ki bi ta da ladabi, tsoro ne irin wanda muka taso muka tarar. Amma ki tuna mata, cikin lalama, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu, kuma ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Babban sahabi Abu Huraira ma laƙabinsa daga 'yar kyanwa ya samo shi. Idon da ke ƙyalli cikin duhu wani shimfiɗi ne a bayan idon da ke mayar da haske don ta gani da dare, akuya da saniya ma suna da shi ba wanda ya ce musu aljanu. Ni abin da ke tsorata ni yaran nan ne da ke jifan dabba mai ɗingishi manya na wucewa ba mai tsawatarwa. Amana ce za a tambaye mu a kanta, kuma yaron da ya saba da kukan mai rauni bai ji komai ba, ba a dabba zai tsaya ba.

Saura ƙafar. Ɗingishin sati uku yana bukatar a duba, ko karaya ce ko ƙurji ya taru, kuma akwai maganin ciwo da aka yi don kyanwa wanda likita zai auna da nauyinta. Kin yi sa'a kina Zariya, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru. A tafiya ɗaya za a duba ƙafar, a ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙuma, a tsara mata allurar riga-kafi, ki kuma tambaye su maganar aikin hana haihuwa, don mace tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar. Kada ki kama ta da hannu. Ki samo kwando mai murfi ki riƙa sa mata abinci a cikinsa kwana biyu ko uku, ranar tafiya tana shiga ki rufe, ki lulluɓe shi da zane don duhu yana kwantar musu da hankali. In kun dawo za ta yi fushi ta koma bayan sif na 'yan kwanaki, ki ci gaba da zaman tabarmarki bayan isha kamar ba abin da ya faru. Allah Ya ba da lada, Ya ba ta lafiya.