Ga mai neman allo mai araha don koyon kait a raƙuman ruwa

Salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, ka ce a wasan kait, wato wanda wata babbar lema mai kama iska ke jan mutum a kan allo bisa ruwa, hannunka ya faɗa a allon nan mai kai biyu, yanzu kana so ka koma allon sofin, wato irin na masu hawa igiyar ruwa, ka shiga raƙuman ruwa amma aljihu ba nauyi, wanne za ka saya. To ni dai shawarata kar ka sayi sabo. Allon farko duka zai sha, zai kuɓuce maka ruwa ya yi ta birgima da shi har bakin yashi, sandar da kake sarrafa kait da ita ta ƙwale shi, ƙugiyar ɗamararka da ake maƙala kait ta karce shi, sabo kuma ko yaya ya ƙwarzane sai ranka ya ɓaci.

Kuskuren da na yi da farko, na sayi allon masu sofin zalla na hannu, irin mara nauyin nan da aka shafe da foliyesta, wani ƙaro mai daskarewa ya zama fatar allo, ina ta murna na yi tsintuwa. Wallahi ba a jima ba dunduniyata ta lotsa samansa kamar an danna kwano, rannan na ɗan yi tsalle na dira sai ji na yi ƙas, ya tsage ta inda ƙafar gaba take. Dalili kuwa mai sofin ɗan lokaci kaɗan yake tsayuwa a kan allo, sauran duk a kwance yake yana iyo, kai kuma kana tsaye awa 2 cur kait na janka kana dukan ruwa da gudu. Shi ya sa allunan da aka ƙera don kait, irin na kamfanonin F-One ko Duotone ko Cabrinha ko Naish, suke ƙarfafa wurin taka ƙafa da gora ko katako ko zaren kabon. Tsohon yayi na irinsu wanda ya shekara 4 ko 5 ya fi maka sabon da ba don kait aka yi shi ba. In kuma na sofin ɗin kawai ka samu, nemi mai kaurin fata da aka shafe da ifoksi, wani ƙaron daban da foliyesta, ka haƙura da tsalle.

Girma kuma kar ka biye wa ƙwararru da ƙananan allunansu. Ni kilo 78 nake, da allo mai tsawon ƙafa 5 da inci 10 na koya, mai ɗan faɗi, cikinsa bai lanƙwashe sosai ba, irinsa yana tashi kan ruwa da wuri ko iska ba ƙarfi kuma yana yi maka uzuri lokacin da kake koyon sauya ƙafa wajen juyawa, nan ne fa kowa yake shan ruwa. Amma kar ya yi faɗi da yawa, in iska ta taso zai riƙa sukuwa da kai. Fin 3, wato 'yan fukafukan da ke ƙarƙashin allo, sun isa, ka dai duba ramukansu na FCS ne ko Futures, wato samfuran da aka saba da su, don in ɗaya ya karye ka samu madadi ba wahala.

In ka je dubawa, danna samansa da babban yatsa ko'ina, musamman wurin dunduniya, in ka ji laushi ko ƙaras-ƙaras fatar ta rabu da soson ciki, bar musu kayansu. Ɗaga shi, in ya yi nauyin da bai dace ba ya sha ruwa. Girgiza kowane fin ka ga ko gindinsa na motsi. Lotsawa 'yar kaɗan ba komai ba ce, da ita ma za ka nemi ragi. In za ka like tsaga a allo mai farin soson EPS, ifoksi kawai, foliyesta narkar da soson yake yi. Kuma kar ka bar shi a rufaffiyar mota cikin rana.

Maganar maɗaurin da ake zura ƙafa a saman allo mutane sun rabu, ni ba da shi na koya ba don faɗuwar ta fi sauƙi, sai dai in allon yana da ramukan ɗaurawa ba laifi. Igiyar da ake ɗaure allo a ƙafa kuwa ina tsoronta, kait ya fizge ka allon ya dawo maka a ƙeya kamar an harbo shi, in dole sai ka sa to da hular kwano. Ka fara kwana biyu a ruwa kwantacce har juyawa ta zauna maka tukuna ka tunkari raƙuman, ƙanana ma.