Hukuncin wanda ya ba da ɓargo, sai kansar jini ta taso daga ƙwayoyin halittar ɓargonsa

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin Unguwar Rogo ne a Jos. An dasa wa ƙanwata ɓargona saboda kansar jini, ta samu sauƙi, daga baya cutar ta sake kama ta har ta rasu. Likitoci sun ce a wannan karon daga ƙwayoyin halittar ɓargona ta taso. Shin diyya ko kaffara ta hau kaina?

Amsa: Allah ya jiƙanta, ya ba ku haƙuri. Ɗan'uwa, babu diyya a kanka, kuma babu azumin wata biyu a jere da ke kan mai kisan kuskure.

Likitoci sun san wannan lamari tun 1971, lokacin da aka ga ƙwayoyin kansar a jikin wata yarinya suna ɗauke da alamar halittar namiji, wato ta ɗan'uwanta da ya ba ta ɓargo. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma sababinsa ba ɗaya ba ne: wani lokaci akwai ɓoyayyen lahani a ƙwayoyin mai bayarwa wanda gwajin farko bai nuna ba, wani lokaci kuma magunguna masu ƙarfi da gashin na'ura na kashe kansa da aka yi wa majinyaci kafin dashen ne suka raunana mazaunin ɓargon, ga shi sababbin ƙwayoyin dole su hayayyafa da gaggawa.

Abin da ka yi halal ne, domin Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ba da abin da jiki ke sabuntawa kamar jini, ɓargo kuwa haka yake. Ƙa'idar malamai ita ce, abin da ya biyo bayan aikin da shari'a ta yi izini da shi, ba tare da sakaci ba, babu lamuni a kansa. Allah ya ce a Suratut Tauba, aya ta 91, babu hanyar zargi a kan masu kyautatawa. Da a ce ka san kana da wata cuta ka ɓoye wa likitoci, da hukuncin ya canza.

Abin da nake roƙonka shi ne ka koma wurin likitan jini a duba ka sosai, domin wasu daga cikin waɗannan lahani gadonsu ake yi. Idan an samu, wajibi ne ka sanar da 'yan'uwanka na jini, kada a sake ɗaukar ɓargon wani a gidanku ba a yi wannan gwajin ba. Allah ne Mafi sani.